TSAKANIN BALAGA DA RUSHDI: YADDA AMANA KE SHIGA HANNUN MATASHI



Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya girman ɗan Adam ya zo masa daki-daki, bai ɗora masa nauyi ba sai da Ya ba shi ƙarfin ɗaukarsa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku iyayenmu maza da mata, da 'yan uwanmu malamai, da ku 'ya'yanmu samari da 'yan mata, mun zaɓi mu yi wannan magana ne a gaban ku duka a wuri guda, domin koke biyu ne suke zuwa mana a kai a kai, kuma mun lura cewa daga gida ɗaya suke fitowa. Uba zai zo bayan sallar Asuba ya ce, "Malam, yaron nan ya fi ƙarfina, ban san inda yake zuwa ba, ban san abokansa ba." Da yamma kuma sai ɗan ya zo, ya durƙusa, ya ce, "Malam, Baba bai yarda da ni ba, har yanzu kallon ɗan firamare yake yi mini." Idan muka bincika sai mu tarar ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Uban bai san inda ɗansa yake zuwa ba saboda ɗan yana ɓoyewa, ɗan kuma yana ɓoyewa ne saboda ya san amsar kowace tambayarsa ita ce a'a, uban kuma yana cewa a'a ne saboda ya ga ana ɓoye masa. Haka za a yi ta zagaye har ranar da za a wayi gari an ga sawun ƙafa a jikin katanga.

To, wannan ƙulli ba sabo ba ne, kuma shari'a ba ta bar mu babu haske a kansa ba.

A cikin Suratun Nisa'i, aya ta 6, Allah Ya yi bayani a kan dukiyar maraya da take hannun mai riƙonsa. Umarnin da aka bayar shi ne a riƙa jarraba yaron tun yana tasowa, har idan ya kai munzalin aure, kuma aka ga alamar rushdi a tare da shi, sai a miƙa masa abinsa a gaban shaidu. A cikin ayar kuma aka gargaɗi mai riƙon da kada ya yi gaggawar cinye dukiyar don tsoron kada yaron ya girma ya karɓe ta. Mun sani hukuncin ayar a kan dukiyar maraya yake, kuma ba mu ɗauke shi mun kai wani wuri ba. Amma izinar da ke ciki ta shafi kowane gida mai matashi, domin ta raba mana abu biyu da muke cuɗanya su: balaga da rushdi.

Balaga al'amari ne na jiki, yana zuwa da alamominsa ko yaro ya shirya ko bai shirya ba. Idan alamomin ba su bayyana ba, malamai sun koma ga shekaru: abin da ya shahara a mazhabar Malikiyya shi ne 18, Shafi'iyya da Hanbaliyya kuwa suka ce 15. Daga wannan rana alƙalami ya hau kansa, sallarsa da azuminsa da zunubinsa nasa ne. Rushdi kuwa shi ne kamun kai da iya tattalin abin da aka danƙa wa mutum. Imamu Malik ya tsayar da shi a kan kyautata sarrafa dukiya, Imamu Shafi'i ya haɗa da gyaruwar addini. Shi ba ya zuwa dare ɗaya, kuma ba a gane shi da tsawon ƙafa ko fitowar gemu. Imamu Abu Hanifa ya ga cewa idan mutum ya balaga ba a ga rushdinsa ba, a jinkirta masa har shekara 25, sa'an nan a ba shi dukiyarsa. Abin lura, likitocin ƙwaƙwalwa na wannan zamani suna cewa ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, wanda shi ne mai auna ƙarshen al'amari kafin a afka masa, ba ya gama nuna sai wajen tsakiyar shekarun ashirin. Ba mu ce daga nan Imamin ya ɗauko hujjarsa ba, mun kawo ne don uba ya sani cewa ɗansa mai shekara 16, wanda ya fi shi tsawo, yana iya zama mai hankali da safe, ya yi wauta da yamma idan ya shiga cikin abokansa, ba tare da ya zama ɗan banza ba.

Yaya ake wannan jarrabawa? Imamu Ƙurɗubi, wanda ya rasu a shekara ta 671 bayan Hijira, ya kawo bayaninta a tafsirinsa. Ma'anar abin da ya kawo ita ce, idan namiji ne a danƙa masa cefanen gida na wata guda, ko a ba shi wani ɗan abu kaɗan ya juya, ana sa masa ido daga nesa. Idan mace ce a danƙa mata abin da uwargida take kula da shi, kamar lissafin auduga da ladan masu kaɗi. Kuma idan yaron ya ɓarnatar da wannan ɗan abin, ba a cin mai riƙon tara. Ku dubi wannan gaɓa ta ƙarshe da kyau, ya ku iyaye. Malamai sun san cewa jarrabawa tana iya zuwa da asara, shi ya sa suka ce a fara da kaɗan, wanda idan ya salwanta gida ba zai rushe ba. Wanda ya ce ba zai ba ɗansa komai ba sai ya tabbatar ba zai yi kuskure ba, to da me zai tabbatar? Ya zama kamar mai cewa ba za a shiga ruwa ba sai an iya iyo.

Abin mamaki shi ne, mu Hausawa mun san wannan hanya sarai, amma a kasuwa. Ku shiga Kantin Kwari ku ga yadda ake renon yaron kanti. Ranar farko shara ce da kakkaɓe ƙura da jera atamfa. Bayan wasu watanni a fara aiken sa ya karɓo bandir ɗin shadda a wani layi. Idan an ga ba ya tsayawa a hanya, sai a bar shi ya yi ciniki ubangidansa yana zaune yana ji. Daga nan a bar masa kanti a tafi sallah, daga nan a ba shi makulli ya riƙa buɗewa da safe, daga nan a tura shi Legas sayen kaya da kuɗin da ya fi kuɗin gidan ubansa, har ranar da za a sallame shi da jari. Ba wanda ya taɓa ba yaro makulli ranar da aka kawo shi, kuma ba ubangidan kirki da zai bar yaro yana shara shekara goma. To Alhajin da ya iya wannan da ɗan wani, shi ne zai koma gida ya kasa yi da ɗan cikinsa: ko dai ya sakar masa komai, mota da waya da kuɗi, tun bai san ciwon kansa ba, ko kuma ya ƙi aiken sa ko da sayen gishiri sai an haɗa shi da ɗan rakiya. Wasu iyayen kuma, mu faɗi gaskiya, ba ɓatan yaron suke tsoro ba, girmansa suke tsoro, domin yaron da ya girma yana da ra'ayi, kuma gidan da ba a saba jin murya biyu ba yana ganin ra'ayi kamar rashin kunya.

Yanzu bari mu juyo gare ku, 'ya'yanmu.

Kuna cewa a yarda da ku. To ku sani yarda ba ta samuwa da roƙo, ba ta samuwa da fushi ko ƙin cin abinci. Iyayenku suna auna ku kullum da wasu ƙananan abubuwa da ku ba ku ɗauke su a bakin komai ba. An ba ka kuɗin cefane, canjin naira hamsin ya rage, ka dawo da shi ba a tambaye ka ba, ko kuwa sai ka yi shiru ka ce ai ba yawa? Ka ce za ka dawo kafin Magariba, ka dawo, ko sai da aka idar da Isha'i ka shigo da labarin cunkoson hanya? Kin ce wa Umma gidan ƙawarki za ki karɓo littafi, can ɗin kika tsaya, ko an biya ta wani gidan da ba a ambata ba? Naira hamsin ba ita ce ta dame su ba. Lissafin da suke yi a zuci shi ne, wanda bai riƙe hamsin ba yaya zai riƙe dubu hamsin, wadda ta karkatar da magana a kan hanyar minti goma yaya za a sake ta ta tafi jami'a a wani gari.

Anas ɗan Malik, Allah Ya ƙara masa yarda, yana da shekara 10 mahaifiyarsa Ummu Sulaim ta kawo shi ya yi wa Manzon Allah (S.A.W) hidima, ya kuma yi shekara 10 yana yi, wato duk shekarun da muke magana a kansu a gidan Annabi ya yi su. Imamu Muslim ya ruwaito labarai biyu daga gare shi waɗanda ya kamata a karanta su tare. A na farko an aike shi, sai ya bi ta wajen yara suna wasa a kasuwa ya shagala, har Annabi ya biyo shi ya kama ƙeyarsa yana dariya, ya tambaye shi ko ya je inda aka aike shi. A na biyu an aike shi wata buƙata ya makara komawa gida, mahaifiyarsa ta tambaye shi dalili, ya gaya mata aike ne, da ta tambayi ko na mene ne ya ce sirri ne, ita kuma ta ƙarfafa masa kada ya faɗa wa kowa. Yaron da ya shagala da wasa shi ne aka ba sirri, ya riƙe shi har ya tsufa. Da an yanke masa hukunci da kuskuren farko da ba a kai ga na biyu ba. Ku kuma lura da cewa bai ƙirƙiro wa uwarsa ƙarya don ya rufe makararsa ba: ya faɗi inda ya je da wanda ya aike shi, abin da ba nasa ba ne kawai ya riƙe.

Wasu masana biyu a ƙasar Suwidin, Stattin da Kerr, sun wallafa bincike a shekarar 2000 a kan yara 'yan shekara 14, inda suka gano cewa mafi yawan abin da iyaye suka sani game da harkokin 'ya'yansu daga bakin 'ya'yan ya fito da yardarsu, ba daga titsiye ko bin sawu ba. Wannan ya yi daidai da abin da muke gani a unguwanninmu. Uban da ya fi kowa tsanani sau da yawa shi ne na ƙarshen jin labarin ɗansa. Saboda haka makullin yana hannunku, ya ku matasa, fiye da yadda kuke zato: wanda ya saba faɗa kafin a tambaye shi, tambayoyin da ake yi masa raguwa suke yi.

Sai maganar dokokin gida. Wajibi ne a san cewa ba duka ne daraja ɗaya ba. Akwai waɗanda Allah ne Ya gindaya su: sallah a kan lokaci, sutura, nisantar maye da caca da keɓewa da wanda ba muharrami ba, da neman izini kafin shiga ɗakin iyaye, wanda Suratun Nur ta yi bayaninsa a aya ta 58 da 59, inda aka taƙaita shi ga ƙananan yara a lokuta uku, aka kuma faɗaɗa shi ga wanda ya balaga. Waɗannan ba a ciniki a kansu, uba ma ba shi da ikon sassauta su. Akwai kuma waɗanda maigida ne ya tsara su don maslahar gidansa: ƙarfe nawa ake sa sakata, wa zai ɗebo ruwa, yaushe ake ajiye waya, wace unguwa ake zuwa. Bin waɗannan ma wajibi ne a kan ɗa muddin ba saɓon Allah a ciki, amma tun da mutum ne ya tsara su saboda dalili, to idan dalilin ya canza suna iya canzawa. Kuskuren wasu iyaye shi ne su mai da ƙarfe goman dare kamar aya. Kuskuren wasu 'ya'ya kuma shi ne su mai da sallar Asuba kamar dokar Baba.

Ta yaya matashi zai nemi a sassauta masa doka ba tare da ya fita daga ladabi ba? Malaman tarihi sun kawo wani labari daga ranar Uhudu, a shekara ta 3 bayan Hijira. Manzon Allah (S.A.W) ya duba rundunarsa ya mayar da yaran da ya ga ba su isa ba, a cikinsu har da Abdullahi ɗan Umar, wanda yake da shekara 14, bai samu izini ba sai ranar Handaƙu yana ɗan 15. An mayar da Rafi'u ɗan Khadij da Samura ɗan Jundub, sai aka shaida wa Annabi cewa Rafi'u gwanin harbi ne, ya ba shi izini. Samura bai yi tawaye ba, bai kuma saɗaɗa ya bi runduna a ɓoye ba. Shi agola ne, sai ya tafi wurin mijin mahaifiyarsa ya ce masa an karɓi Rafi'u an bar shi, alhali yana kayar da Rafi'u a kokawa. Mijin uwar ya kai magana, aka sa su suka yi kokawa, Samura ya kayar da shi, aka ba shi izini.

Ku ga tsarin. Ya kawo hujjar da za a iya gwadawa nan take, kuma ya bi ta hannun babban da ake jin maganarsa. Wannan na biyun ya dace da mu ƙwarai, domin a gidajenmu akwai kunya tsakanin ɗa da uba, balle ɗan fari da wasu iyayen ko sunansa ba sa kamawa. A da can, kaka da kawu da gwaggo da baffa su ne suke ɗauke wannan nauyi: yaro ya raɗa wa kakarsa, ita ta san lokacin da za ta kira ɗanta ta ce, "Kai ma fa da kake kamarsa mun yi haƙuri da kai." Yanzu da yawa sun tashi daga babban gida sun koma sababbin unguwanni, mata da miji da 'ya'ya kawai, an bar kaka a cikin gari, an tafi da kunyar amma ba a tafi da mai shiga tsakani ba. Duk gidan da ke cikin wannan hali lalle ne ko dai uba ya rage kunyar ya zauna da ɗansa, ko kuma ya nuna masa wani babba da zai riƙa bi ta hannunsa. In ba a yi ɗaya ba, abokai ne za su cike gurbin.

Bari mu ba ku misali da abin da ya zo gabanmu. Wani bawan Allah yana rufe gidansa ƙarfe 10 na dare. Ɗansa, mai shekara 16, yana son kallon wasannin Gasar Zakarun Turai, waɗanda a lokacin sanyi ake fara manyansu ƙarfe 9 na dare agogonmu, ba a tashi sai wajen 11. Mu dai ba masu sha'awar ƙwallo ba ne, kuma da za a bi tamu da an yi barci, amma ba mu isa mu haramta abin da ba a haramta ba. Yaron ya daɗe yana ba ƙanensa kuɗin alawa don ya zare masa sakata, har asiri ya tonu. Da suka zo, muka ce wa yaron ya bar cewa "kowa ma ana barin sa", domin wannan ba hujja ba ce, uba ba kowa ya haifa ba. Muka ce ya zo da abin da za a gwada. Ya yi tunani ya dawo ya ce: dare ɗaya a mako, Talata ko Laraba, zai yi Isha'i a jam'i a masallacin unguwa inda uban zai gan shi, gidan kallo kaza, ba wani ba, zai tafi ya dawo tare da ɗan maƙwabcinsu wanda uban ya sani, ba zai fita da waya ba saboda masu ƙwace, kuma idan aka neme shi a sahun Asuba aka rasa, ko sau ɗaya, magana ta tashi. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya sa uban ya ɗago kai.

Muka ce wa uban shi kuma, idan zai hana to ya faɗi dalili, domin a'a maras dalili ba ta koya wa yaro komai sai dabarar tsallake katanga. Ya ce tsoronsa 'yan daba ne, da masu caca a kan wasa, da masu shaye-shaye da suke raɓar irin waɗannan wurare. Tsoro ne na gaskiya. Duk wanda ya ga yadda maganin tari mai kodin ya yi wa matasan Arewa illa, har gwamnatin tarayya ta hana sarrafa shi da shigo da shi a shekarar 2018, ba zai ce uban nan ya cika zargi ba. A ranar ne yaron ya fara jin dalilin dokar da ya yi shekaru yana karyawa.

Waya ma haka take. Tun da wayar hannu ta shigo ƙasar nan a 2001, rufe ƙofar gida ya daina zama rufe gida, domin yaro yana kwance a ɗaki alhali yana kasuwa. Abin da muke ba da shawara shi ne a yi doka a fili tun ranar da aka sayi wayar: da dare tana kwana a ɗakin Umma, iyaye sun san lambar buɗe ta, kuma za su riƙa dubawa a gaban mai ita, sa'an nan a faɗi lokacin da za a sake duba wannan doka, misali bayan jarrabawar kammala sakandare. Amma uwa ta lallaɓa cikin dare ta karanta saƙonnin 'yarta ba tare da wata alama ba, wannan ya yi kusa da bin diddigin da Suratul Hujurat ta hana, kuma ranar da yarinyar ta gane, za ta nemi wata wayar da ba za a taɓa gani ba. Idan kuwa alama mai ƙarfi ta bayyana, kamar kuɗin da ba a san asalinsu ba, ko kwalba a ƙarƙashin katifa, to nan mai kiwo zai binciki abin kiwonsa, ba kuma zai nemi afuwar kowa ba.

To idan an riga an ci amana fa? Nan ne muke so mu ɗan daɗe, domin yawancin waɗanda ke zaune a nan ba daga fari suke farawa ba, akwai tabo. Ku koma Suratu Yusuf. 'Ya'yan Annabi Yaƙub sun nemi ya ba su ɗan uwansu su fita da shi, suka yi alkawarin tsare shi, suka dawo da riga da jinin ƙarya. Bayan shekaru masu yawa yunwa ta kai su Masar, aka ce ba za a ƙara auna musu abinci ba sai sun zo da ƙanensu, suka dawo suna neman amana ta biyu daga uban da suka ci amanarsa ta farko. Annabi Yaƙub bai ɓoye musu ba, ya tuna musu abin da ya faru. Amma bai rufe ƙofa ba. Da suka nuna masa hujja, wato hajarsu da aka mayar musu cikin kayansu da ƙarin awon raƙumi guda da za su samu, sai ya gindaya sharaɗi: su yi masa alkawari da Allah cewa za su dawo da yaron. A cikin sharaɗin kuma ya bar musu togaciya, wato sai fa idan an fi ƙarfinsu. Sa'an nan ya ba su shawarar yadda za su shiga garin, ya mai da al'amarin ga Allah.

Iyaye, ku dubi togaciyar nan. Uban da aka yi wa mafi munin yaudara bai ɗora wa 'ya'yansa abin da ba za su iya ba, ya bambanta ganganci da ƙaddara. Yaron da ya makara saboda adaidaita sahu ta lalace, kuma ya kira ya faɗa, ba ɗaya yake da wanda ya kashe waya ba. Idan hukuncinsu ya zama ɗaya, gobe ba wanda zai kira. Haka nan wanda ya zo da kansa ya ce, "Baba, na yi kaza", kada hukuncinsa ya kai na wanda aka kama, in ba haka ba kun koya masa cewa gaskiya asara ce. Ku kuma, 'ya'yanmu, kada ku yi fushi idan an tuna muku laifin bara. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Babban cikin 'ya'yan Yaƙub, da al'amari ya sake ɓaci a Masar ba da laifinsu ba, ƙin komawa gida ya yi saboda nauyin alkawarin da ya ɗauka, sai in uban ya yi masa izini. Da irin wannan ake gane cewa mutum ya canza.

Akwai wani rashin adalci da ba za mu tashi ba mu faɗe shi ba. A gidaje da yawa an tara dukan dokoki a kan 'ya mace, namiji kuwa an ba shi shago a ƙofar gida, yana shiga yana fita ba mai tambaya, har ya fi uban sanin dare. Ita ko islamiyya za ta sai an ƙirga mata mintoci, ga girki ga wanke-wanke ga reno, amma ba a taɓa tambayar ra'ayinta a kan komai ba, sai ranar da za a kai ta gidan miji a ce ta riƙe gida. Da wace jarrabawar? Kariyar da shari'a ta ba mace gaskiya ce, ba mu rage komai daga cikinta ba, amma kariya daban, rashin yarda daban. A Suratul Ƙasas, dattijon Madyana ya danƙa wa 'ya'yansa mata biyu shayar da dabbobinsa, suka yi da kamun kai, suka dawo suka ba shi labarin baƙon da ya taimake su ba tare da ɓoye komai ba, ɗayarsu ta ba shi shawarar ya ɗauke shi aiki saboda ƙarfinsa da amanarsa, uban kuma ya karɓi shawarar. A ba yarinya kuɗin cefanen mako ta tsara, a tambaye ta abin da take son karanta, a saurari hujjarta kamar yadda za a saurari ta ɗan uwanta. Shi kuma ɗan uwan a sa masa lokacin shigowa kamar yadda aka sa mata.

Shi dai wancan bawan Allah mai rufe gida ƙarfe 10, bai ce ya yarda ba a gabanmu, kuma ba mu matsa masa ba. Bayan kwana biyu ya aiko a gaya mana cewa ya yanka wa yaron makulli, na wata guda, kuma ya je da kansa ya ga gidan kallon ya gaisa da mai shi. Watan bai cika ba tukuna.

Mun ga ladan ya miƙe. A nan za mu dakata, masu tambaya su rubuto a takarda su ba masu tsaron ƙofa, za mu amsa abin da ya sawwaƙa bayan La'asar in Allah Ya yarda.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.